Amsa: likitan da ya ci lambar Olamfik da littafi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske an taɓa ba wani likita marubuci lambar yabo a gasar Olamfik saboda littafinsa. Ƙwarai kuwa. Daga 1912 zuwa 1948, banda guje-guje da tsalle-tsalle, ana gasar adabi, zane, kiɗa, sassaƙa da tsarin gini, sharaɗi dai aikin ya taɓo wasanni.

Mutumin da kake nufi Ernst Weiss ne, Bayahude, an haife shi a 1882 a Brno, wadda yanzu take ƙasar Cek. Likitan fiɗa ne tun asali. Ya yi aiki a Bern da Balin, ya zama likitan jirgin ruwa har Indiya da Japan, sannan likitan soja a yaƙin duniya na farko. Daga baya ya ajiye wuƙar tiyata ya kama alƙalami. Abokin shahararren marubucin nan Franz Kafka ne ma, kodayake abotar ta yi sanyi.

A gasar Amstadam ta 1928 littafinsa Boëtius von Orlamünde ya ci azurfa, zinare kuma ya tafi hannun Ferenc Mező na Hangari. Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne, Jamus ya wakilta. Shekara biyar kacal bayan haka Hitila ya hau mulki, dole Weiss ya bar Balin zuwa Prag, a 1934 ya wuce Faris, inda ya rayu cikin talauci da taimakon marubuta Thomas Mann da Stefan Zweig. Da sojojin Jamus suka shiga Faris a Yunin 1940, ya kashe kansa. Littafinsa kan wani likita da ya yi wa Hitila magani bai fito ba sai 1963.