Maganin kemis ko na mai talla?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yakan yi zazzaɓin cizon sauro duk damina. Maganin kemis ya yi mana tsada, ga mai talla yana zagayowa unguwarmu da nasa mai araha. Maigidana ya ce lambar NAFDAC ce kawai ke ƙara kuɗi. In sayi na tallan?
Wata uwa daga Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Maganar maigida ba ta rasa tushe ba. Kafin kamfani ya sami lambar nan ta hukumar kula da abinci da magunguna sai ya biya kuɗin rajista, a gwada maganinsa, a duba masana'antarsa, kuma duk shekara biyar ya sabunta. A ƙarshe mai saye ne ke biya. Sai dai tsadar da ta addabe mu yanzu ta fi alaƙa da faɗuwar naira tun 2023, don yawancin magunguna da sinadaransu daga Indiya da Sin ake shigo da su.

To me ƙarin kuɗin ke saya miki? A 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, yara fiye da 80 suka rasu. Da yake akwai sunan kamfani da lambar rukuni a jikin kwalbar, an bi sawu har Legas, an janye maganin, an rufe masana'antar, kotu ta ɗaure wasu ma'aikatanta a 2013. Mai talla fa, in nasa ya yi ɓarna, wa za a kama? Gobe yana kasuwar Jibiya, jibi yana Mashi.

Ko da maganinsa na gaskiya ne, ki dubi inda yake wuni: a tire, cikin rana. Ki karanta jikin kwali, galibi za ki ga an ce kada zafi ya wuce digiri 30, alhali zafin Katsina a Afrilu yakan haura 40. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jabun maganin zazzaɓi da ake cusa wa farasitamol. Jiki ya yi sanyi, uwa ta saki jiki, cuta kuwa tana nan tana cin jinin yaro.

Kada ki saya, Hajiya. Ki fara kai shi asibitin sha-ka-tafi a yi masa gwajin jini na ɗan yatsa, don ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. In an tabbatar, ki ce wa mai kemis ya ba ki maganin zazzaɓin sauro mai suna artemether-lumefantrine na kamfani mai sauƙin kuɗi, ba dole sai samfurin da ake kira Coartem ba. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In akwai wurin kankarewa a kwalin, ki kankare, ki tura lambar da ta fito ta saƙon waya don tabbatar da ingancin maganin kafin ki bar shagon. Idan kuma yaron bai kai shekara biyar ba, kada ki bari masu rabon maganin rigakafi na damina su wuce gidanki, kyauta ne.