Amsa ga ɗan ƙanwata da ke koyon aikin teku a Madagaska

Ɗana, saƙonka ya iso, kowa lafiya, mahaifiyarka kuma tana gaishe ka. Ka ce a ƙauyen Andavadoaka, inda aka tura ka koyon aikin kare albarkatun teku, an kusa buɗe yankin da aka hana kamun horita a cikinsa, wato dabbar nan mai hannuwa takwas, kuma ranar buɗewar dattawan Vezo, ƙabilar masuntan yankin, za su zuba giya su roƙi albarkar kakanninsu. Kana tambaya ko ya dace ka halarta, ko kuwa ka tsaya kan sikelinka da littafinka ka bar musu abinsu.

Ka halarta, domin abin da aka tura ka koyo yana wurin taron nan fiye da yadda yake cikin littafinka. Kai jikan masunta ne, ka san cewa a Argungu ba a taɓa ruwan Matan Fada sai lokacin biki, kuma ko ranar ba mai faɗawa da homarsa da gorarsa sai Sarkin Ruwa ya duba ruwan ya ba da izini. Abin da ke tsare kifin nan duk shekara har ya ƙasaita shi ne jin maganar manya da gudun abin kunya, ba yawan masu gadi ba. Mutanen da kake cikinsu a kan wannan turba suke. A shekarar 2004 suka fara rufe wani yanki na wucin gadi tare da ƙungiyar Blue Ventures ta Ingila, kuma da yake horita tana saurin girma, 'yan watanni kaɗan suka isa masunta su ga bambanci a kamunsu. Ganin haka ne ƙauyukan maƙwabta suka shigo, har aka kafa Velondriake, haɗin gwiwar ƙauyukan don kula da yankinsu na teku, a 2006. Baƙi sun kawo awo da lissafi, amma dokar gargajiya da suke kira dina, wadda jama'a ke amincewa da ita a bainar taro, kuma take cin tarar wanda ya saci shiga, ita ce ta riƙe hanin. Wanda ya ƙaurace wa taronsu, sa'an nan gobe ya zo yana neman su miƙo masa kamunsu ya auna, bai san inda ƙarfin aikin yake ba.

Maganar giya da roƙon kakanni kuwa, addininka ya riga ya raba maka gardama, ba za ka sha ba, ba za ka zuba ba. Sai dai ƙin ma yana da ladabinsa. Kada ka bari sai an miƙo maka kofi a gaban jama'a sa'an nan ka ture hannun dattijo. Tun kafin ranar ka nemi wani ɗan gari mai mutunci ya raka ka gidan babban, ka riƙa ɗan abin gaisuwa, sukari ko shinkafa tun da goro ba abincinsu ba ne, ka zauna ƙasa da inda ya zauna, ka bayyana masa cewa kai Musulmi ne, za ka tsaya daga gefe har a gama. Dattijo a ko'ina yana karɓar uzurin da aka kawo masa gida. In kuma aka dafa horitar aka ba ka, ka ci, domin a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, ko da siffarsa ta ba ka tsoro.

Haka nan wuraren da suka ce fady ne, wato haramtattu a al'adarsu, kada ka taka, kada ka ɗauki hoto, kada kuma ka tsaya musu da su kan dalili, ko da abokan karatunka Turawa sun yi. Tambaya kafin taku ba ta rage maka komai.

Ranar buɗewa mata ne za su fi yawa, suna bin duwatsun murjani da tsinken ƙarfe idan ruwa ya janye, suna zaƙulo horita daga ramukanta. Lokacinsu ƙanƙane ne, ruwa zai dawo, masu saye kuma suna jira a bakin gaɓa. Ka nemi izinin kowace kafin ka taɓa kamunta, ka auna da hanzari, ka faɗa mata nauyin da babbar murya kafin ka rubuta, don kada dillali ya rage mata daga baya.

Kawunka.