Amsa ga Hajiya kan cin mutanen Indonesiya da shansu

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da warhaka. Hajiya, ranki ya daɗe, na saurari muryarki. Ga waɗanda ba su ji ba, Hajiya ce ta tambaye ni, tunda a Jakarta nake zaune, wai in ta haɗo zobo na gora da kilishi da yaji ta turo nan, za su karɓu? Ta ce ai ƙasar Musulmi ce, ga kuma ɗimbin jama'a. To bari in ba ki amsa tsakani da Allah, sai dai ki yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Maganar yawa gaskiya ce, sun kai miliyan 280, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne. Amma Hajiya, kada yawan nan ya ruɗe ki. Addini ɗaya muke da su, bakinmu ne ba ɗaya ba. Mutumin nan yana da irin ɗanɗanonsa, kuma kuɗin da yake cirewa a kan abinci kaɗan-kaɗan ne, sau da yawa a rana. Duk wanda na ga ya ci kasuwar nan, a kan waɗannan biyun ya tsaya.

Ki fara da shinkafa. Safe, rana, dare, shinkafa ce fara, mutum zai ci burodi ya ƙoshi ya ce miki bai ci abinci ba tukuna. Gefenta kuma dole akwai sambal, wato dakakken barkono ɗanye ko soyayye, da albasa da tumatir, wani lokacin har da daddawar jatan lande. To nan ne yajinki zai gamu da matsala, domin namu busasshe ne, nasu mai laima ne da mai, ana cakuɗa shi da shinkafa. Suna son zafin barkono ƙwarai, wannan ba shakka, amma ta hanyarsu. Kuma ƙasar ma ba baki ɗaya ba ce. Mutanen Padang a Sumatara ta Yamma barkono da madarar kwakwa, mutanen Yogyakarta kuwa har miyarsu zaƙi gare ta, can gabas wajen Maluku da Papua akwai masu cin kunun sago mai yauƙi, wato garin da ake cirowa daga gangar wata bishiya, a maimakon shinkafa.

Da za ki ga inda talakan Jakarta ke cin abincin rana, da kin fahimce ni nan take. Wani ɗan shago ne da ake kira warteg, benci a jere, ga akwatin gilashi cike da farantai, soyayyen ƙwai, kifi, ganye, tempe, wato waken suya da aka tsima aka yanka kamar sabulu. Mutum ba ya ma magana, yatsa kawai zai ɗora kan gilashin, wannan, wannan, da wancan, mai abincin tana zuba masa kan shinkafa. Sai a dire masa dogon kofi na shayi mai sukari cike da ƙanƙara. Duka-duka rupiya dubu 15 zuwa dubu 20, abin da bai wuce dala ɗaya da 'yan kai ba. To Hajiya, duk abin da za ki kawo, da wannan farashin zai yi kokawa.

Yauwa, sai abin sha, nan ne nake so ki buɗe kunne sosai don nan zobonki yake. Mutanen nan sanyi da zaƙi suke so. Shayin kwalba na Teh Botol Sosro ya shekara hamsin da ɗoriya a kasuwa, babu lungun da ba ya nan. Amma abin da ya juya kasuwar a shekarun nan shi ne kofi da madara da ƙanƙara, a zuba masa sukarin nan nasu mai launin mazarƙwaila da ake yi da ruwan wata bishiya mai kama da kwakwa, gula aren. Wani ƙaramin shago mai suna Tuku ne ya fito da shi fili a Jakarta, har shugaban ƙasa na lokacin, Jokowi, ya je ya sha a 2017. A shekarar ne shagon kofi na Kopi Kenangan ya buɗe, Janji Jiwa ya biyo baya a 2018, yanzu rassansu ɗaruruwa ne. Dabararsu ɗaya ce, matashi yana sha'awar riƙe kofin gayu irin na Starbucks amma aljihunsa bai kai ba, sai suka ba shi a ƙasa da rabin kuɗin, kuma da ɗanɗanon gida. Sai ga Mixue daga Chana ya shigo ta Bandung a 2020 da askirim na rupiya dubu 8, kafin a ankara ya cika unguwanni.

Ƙasa da waɗannan kuma akwai masu keke. Za ki ga mutum ya rataya ledojin kofi 'yan ƙanana jere-jere a gaban kekensa, filas ɗin ruwan zafi da kular ƙanƙara a baya, ya tsaya bakin wurin gini ko gaban ofis. Ka nuna wanda kake so, ya sa almakashi ya yanke, ya juye a kofin roba, rupiya dubu 4 ko dubu 5. Wallahi ni a wurina wannan mai keken shi ne ainihin kasuwar Indonesiya. Komai a ƙaramar leda yake tafiya, kofi, madara, miya, har sabulun wanke kai. Kuma abin ƙaruwa yake, domin hukumar ƙididdigarsu ta ce masu matsakaicin hali sun ragu daga miliyan 57 a 2019 zuwa kusan miliyan 48 a 2024. Mutane na lissafin kowane sisi.

To zobo fa, sun san shi. Suna noma shi da kansu, rosela suke ce masa, ana sayar da busasshensa a matsayin shayin lafiya. Citta ma suna da ita har da ja, suna dafa ta su sha da zafi, ga kuma jamu, haɗin gargajiya na kurkum da tsamiya da citta, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan gado a 2023. Kin ga ke nan bakinsu ba zai ƙi zobo ba. Amma ki ɗauko ruwa a gora daga Kano ki tsallaka teku da shi, kuɗin jigila kaɗai ya kashe cinikin tun kafin a sauke.

Kilishi kuwa, Hajiya, ki cire shi daga lissafi. Shigo da nama ƙasar nan yana da doka mai tsauri, sai daga ƙasashe da mayankar da suka amince da su, balle da cutar boru ta ɓarke musu a shanu a 2022. Kuma suna da busasshen namansu, dendeng, suna da tsirensu, sate, da miyar gyaɗa da baƙar miyar waken suya mai zaƙi.

Sai takardu, kuma nan ne 'yan uwanmu da yawa suke ɗauka wasa ne. Mu a gida in Musulmi ya yanka ya dafa, shi ke nan. Su nan sai an ga tambari a jikin leda. Akwai doka mai lamba 33 ta 2014, akwai hukumar BPJPH mai ba da shaidar halal, kuma tun Oktoba 2024 ya zama dole ga manyan kamfanonin abinci da abin sha, kayan waje da ƙananan masu sana'a aka ɗaga musu zuwa Oktoba 2026. Bayan wannan ga BPOM, kamar dai NAFDAC ɗinmu, kayan waje sai sun samu lambarta. In babu waɗannan, Indomaret da Alfamart, shagunan nan biyu da kowannensu ke da rassa wajen dubu 20, ba za su ko kalle ki ba. Ki duba Mie Gacoan, gidan taliya mai barkono da ya taso daga Malang, matasa na bin layi a kansa. Sunayen abincinsa da can taliyar shaiɗan da taliyar iblis ne, sai da ya canza su a 2023 kafin ya samu shaidar halal. Suna kawai fa, Hajiya. Kuma masu sayen ne da kansu suke matsawa, a soshiyal midiya za su yi ta tambayar kamfani ina takardarsa. Haka bayan ɓarkewar yaƙin Gaza, da majalisar malamansu MUI ta fitar da fatawar guje wa kayan masu goyon bayan Isra'ila a ƙarshen 2023, mutane da yawa suka ƙaurace wa wasu gidajen abincin Amurka suka koma wa masu soya kaza na gida. Ni dai wannan tsayuwar tasu tana burge ni matuƙa.

Na san wani zai ce, to ai Indomie tasu ce kuma ta cinye Najeriya, me zai hana namu ya ci can? Gaskiya ne tasu ce, ta kamfanin Indofood, kuma mutanen Indonesiya ne na biyu a duniya a cin irin wannan taliyar bayan Chana. Amma ku tuna ba lodin kwali suka yi ta yi mana har abada ba. Masana'anta aka kafa a Ota, jihar Ogun, aka gyara ɗanɗanon ya dace da bakinmu, aka sa farashin da ɗan makaranta zai iya, har yaranmu suka ɗauka abincin gida ne.

Saboda haka shawarata, ranki ya daɗe, in da gaske kike so, kada ki fara da kwantena. Ki samu amintacce a nan, akwai ɗalibanmu a jami'o'i, akwai 'yan kasuwarmu a wajen kasuwar Tanah Abang ta Jakarta. A sayi busasshen zobo a nan, a dafa a nan da haɗinki na citta da kanumfari da abarba, a rage masa tsami, a ƙara sukari, a cika ƙanƙara, ƙaramin kofi, kada ya wuce rupiya dubu 10. Lokacin gwaji kuma azumi ne, domin da la'asar tituna cika suke da teburan kayan buɗa baki, kowa na neman abin sha mai launi mai sanyi, kuma jan zobo yana ɗaukar ido. In ya karɓu sai a sa shi a GoFood ko GrabFood, 'yan acaɓa su riƙa kai wa mutane har gida, biyan kuɗi ma da waya ake yi ta QRIS, ko mai tebur yana da shi.

Yajin kuma ki ajiye shi wa 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a nan, su kam nemansa suke ido rufe, amma su ɗin ba su da yawan da za a kafa jari a kansu. Ki turo min yadda kike haɗa zobon da abin da kowace gora ke ci miki, in lissafa miki da farashin nan. Ki gaishe min da Alhaji da yara. Wassalamu alaikum.