Alhaji, Wa Ke Riƙe da Makullin Littafin Bashinka?

Wani bawan Allah mai sayar da taki da maganin feshi a Jega ya aiko mini da tambaya. Ya ce yakan ba manoman shinkafa kaya bashi a farkon noman rani su biya bayan girbi, kuma abin da yake bin mutane a bana ya kusa naira miliyan 18, duk lissafin yana cikin manhajar lissafi ta kwamfuta mai suna Excel. Ɗan yayarsa da ya karanci kwamfuta ya sa shi ya sayi akwatin ajiya mai faifai biyu, irin wanda ake kira NAS, a kan wajen naira 600,000, ya girka shi a ɗakin da ke bayan shago, ya haɗa shi da kwamfutar Alhaji da ta akawu da ta yaron sito. Su ukun suna shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ta shugabancin akwatin kuwa yaron ne kaɗai ya san ta. Yanzu yaron yana so a buɗe akwatin ga intanet, domin Alhaji ya riƙa duba lissafi daga duk inda yake, har su riƙa ba wasu 'yan kasuwa hayar wurin ajiya. Alhaji yana tambaya ko ya ƙara kuɗi a sayo manyan faifai, kuma nawa hayar za ta iya kawowa a wata.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar haya zan gama da ita a taƙaice, domin ba ta cancanci dogon bayani ba. Babu ɗan kasuwar da zai ɗauki sirrin cinikinsa ya ajiye a bayan shagon wani ɗan kasuwa, har ya biya kuɗi a kai, alhali Google yana ba kowa gigabayit 15 kyauta. Idan ma ka sami mai biya, ranar da faifai ya mutu kai za a riƙe, kuma abin da za a nema a wurinka ya fi hayar shekara goma. Ka cire wannan daga ranka, kada ka ƙara ko kwabo a kan manyan faifai. Littafin bashi da rasidai da hotunan takardu na shago kamar naka ba za su cika faifan da kake da shi ba nan da shekaru masu yawa.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne wanda ka ambata a tsakiyar magana ka wuce kamar ba komai ba: mutum uku suna shiga littafin bashin naira miliyan 18 da makulli ɗaya, babban makullin kuma yana aljihun wanda ba shi ne mai dukiyar ba. Na tabbata ba ka taɓa barin makullin sito a rataye a ƙofa ba, kuma buhun taki ɗaya ba ya fita sai an rubuta wanda ya fitar da shi. To, abin da ke cikin akwatin nan ya fi abin da ke cikin sito daraja, domin takin da ka bayar ya riga ya narke a fadama, abin da ya rage maka daga gare shi sai lambobin nan kawai. Duk wanda zai iya mayar da 450,000 ta koma 150,000 ba tare da an san shi ne ba, ya iya kwashe maka kaya ba tare da ya taɓa ƙofar sito ba.

Ba ina zargin ɗan yayarka ba ne, mai yiwuwa ma ya fi kowa son ci gabanka. Sai dai tsarin da ya yi shi kansa bai tsira daga sharrinsa ba. Shekarun baya an kira ni wurin wani mai sayar da hatsi a Yawuri da ke da irin wannan tsari, suna ɗaya kowa na shiga da shi. Lokacin karɓar bashi ya yi, wani manomi ya zo da rasidinsa, aka tarar adadin da ke kwamfuta ya gaza wanda ke takarda, da aka bincika sai aka sami irin wannan a wuri fiye da goma. Muka buɗe bayanan shige da fice na akwatin, suka nuna rana da sa'ar da aka taɓa fayil ɗin, amma sunan da ya taɓa shi sunan kowa ne. Aka sallami akawu, mutumin da ya yi shekara da shekaru a gidan, aka daina gaisawa da ƙanin matar maigida, kuma har na bar garin babu wanda zai iya rantsuwa cewa ga wanda ya yi. Kuɗin sun tafi, zumunci ya lalace, kuma akwai yiwuwar an zalunci wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi tsaya mini a rai har yau. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma rubutun da kowa zai iya sauyawa a ɓoye bai cika manufar da aka yi umarni da shi dominta ba.

Saboda haka aikin farko, kafin komai, ka kira yaron ku zauna tare a gaban kwamfuta. Ya buɗe shafin sarrafa akwatin, a ƙirƙiri sabon asusun shugabanci, kai da hannunka ka rubuta kalmar sirri mai tsawo wadda ba sunan ɗanka ko lambar wayarka ba ce, sannan a kashe tsohon asusun shugabanci da asusun baƙo wanda ke barin a shiga ba tare da kalmar sirri ba. Ka rubuta taka a takarda, ka sa a ambulan ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, ka sanar da mutum ɗaya daga cikin iyalinka, saboda rai ba a hannunmu yake ba. Idan yaron zai yi gyara, ka buɗe masa da kanka, ya gama ka rufe. Na san nauyin da za ka ji wajen faɗa wa ɗan 'yar'uwarka haka. Ka gaya masa gaskiya, cewa kana yi ne domin kada wata rana a tuhume shi da abin da bai aikata ba, kuma yaro mai hankali zai gode maka.

Bayan nan kowa a ba shi sunansa da kalmar sirrinsa, a raba ajiyar zuwa folda-folda gwargwadon aikin kowa. Foldar bashi kai da akawu ne kawai za ku iya rubutu a ciki. Yaron sito ya sami foldar kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, bashi kuwa ko dai ya iya karantawa kawai, ko kada ma ya gan shi. A ƙarshen kowane wata a fitar da kwafin littafin a sa a wata folda da kai kaɗai ke da ikon rubutu a cikinta, domin idan adadi ya sauya daga baya a sami abin kwatantawa. Ka sa a kunna ajiye bayanan shige da fice, da kwandon shara na akwatin, da hoton ajiya na kullum idan akwatinka yana da wannan dama, wato abin da ke ba ka ikon dawo da fayil yadda yake jiya ko makon jiya.

Haɗin da kansa ba shi da wuya. Akwatin a jona shi da rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin shago da juna da kuma intanet, ta hanyar kebul, kebul mai kyau yana ɗaukar tazarar mita 100, kuma ya fi wayifai tabbas ga kwamfutar akawu. A ba akwatin adireshi tsayayye a cikin rauta, misali 192.168.1.20, domin idan adireshin yana sauyawa duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfutoci za su riƙa nemansa su rasa. A kowace kwamfuta mai Windows a rubuta adireshin a mashigar fayiloli, a shiga da sunan mai kwamfutar, a ɗaura foldar a kan harafi kamar Z, ta zama tamkar faifan cikin kwamfutar. Tsarin da ke ɗaukar fayilolin tsakaninsu ana kiransa SMB, kuma idan wata tsohuwar kwamfuta ta ƙi haɗuwa aka ce maka sai an kunna tsohon nau'insa, SMB1, kada ka yarda. Ta wannan kafa ce cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Gara ka sauya tsohuwar kwamfutar.

Buɗe akwatin ga intanet kuwa ban amince da shi ba a halin da kake ciki. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai lalubar irin waɗannan akwatuna a faɗin duniya, ba ruwansu da ko a Jega kake ko a Landan. A shekarar 2022 wata cuta mai suna DeadBolt ta kulle dubban akwatunan da aka bari a buɗe, masu ita suka nemi fansa da kuɗin intanet na Bitcoin kafin su saki fayiloli. Idan kana Birnin Kebbi ko Kamba kana buƙatar sanin abin da ake bin wani, akawu ya turo maka shafin ta waya. Ranar da ka buɗe reshe na gaske, sai a yi maganar hanya mai tsaro da ake kira VPN, wadda ita ma makullinta a hannunka zai zauna.

Akwai kuma abin da na tabbata yaron ya gaya maka, cewa tunda faifai biyu ne kuma ɗaya yana kwafar ɗaya, lissafinka ba zai ɓata ba. Wannan yana taimako ne kawai idan faifai ɗaya ya lalace. Idan aka goge fayil ko aka sauya adadi, nan take na biyun zai kwafi ɓarnar, haka idan ɓarawo ya ɗauke akwatin, ko gobara ta tashi, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, duka biyun sun tafi tare. Kuɗin da ka yi niyyar zubawa a manyan faifai, ka sayi ƙaramin faifan waje da su, kowace Alhamis a kwafe komai a kansa, ka tafi da shi wani gida dabam. Ka sayi UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka sa shi inda iska ke ratsawa, domin zafin Maris da Afrilu a yankinmu yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankarsa, ɗakin da ke kusa da buhunan taki ba mazauninsa ba ne. Sau ɗaya a wata ka sa a buɗe fayil daga faifan wajen a gabanka, ka ga lissafin da idonka, domin na sha ganin wanda ya yi shekara yana kwafa, ranar buƙata aka tarar babu komai a ciki.

Littafin takarda da manoma ke sa hannu ko dangwala yatsa a kai ma kada ka yar da shi saboda ka sayi na'ura. Kafin girbin nan ya zo, ku zauna da akawu ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ku gwada abin da ke Excel da abin da ke rasidai, domin tun daga ranar da aka girka akwatin zuwa yau ba ka da tabbacin cewa babu abin da ya motsa. Idan kun gama, ka rubuto mini da abin da kuka tarar.