Kada ka bari kowa ya matse ƙarin nan

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ƙari a cinyar kare, yau ya kumbura gobe ya sace, baidari, wato likitan dabbobi, ya ce a yi gwajin CD117 don gane irin ƙarin, kai kuma kana zargin cin kuɗi ne. Haka na karyata ya fara, wadda ke gadin tumakin kafilina, wato ubangidana, a bayan garin Ɗa'if na Saudiyya.

Ni wani mai sayar da maganin dabbobi ne ya cuce ni. Ko durƙusawa bai yi ba ya ce maruru ne, ya sa yatsu ya matse da ƙarfi. Ba mugunya, ba komai. Kafin isha'i cinyar ta yi jajir ta ninka biyu, tana ta amai, kashegari kashinta baƙi ƙirin kamar kwalta. A gindin tanki na kwana ina shafa mata ruwa, tumaki ba mai gadi. Da na koma masa sai ya ce wai guba ta ci, har da neman cikon kuɗinsa. Allah ya isa!

Daga baya likita ta fahimtar da ni: ƙarin ciwon daji ne na ƙwayoyin mast, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cike da sinadarin histamin, matsa su kake yi su zubar da shi, shi ne kumburin, shi ne gyambon ciki.

Ka fara da allura. Siririya ce, a zuƙo ɗan abin ciki, a shafa a gilashi, a rina, a duba a madubin likita. Sau da yawa nan take ake ganin ɗigo-ɗigon shunayya. Na tawa ba su fito sosai ba, shi ya sa aka nemi CD117. Alama ce a jikin ƙwayar, ana kuma ce mata KIT, ita ta nuna ba limfoma ba ne, wato wani ciwon dajin daban. Bayan tiyata ma ana duba inda ta zauna: in a bakin ƙwayar take da sauƙi, in ta shige ciki ciwon ya fi mugunta. Ka ce a rubuta maka mataki, ƙarami ko babba, tsarin Kiupel na 2011. A soki kaluluwar kusa ma, ni na manta sai da aka sake kwantar da ita.

Kada a yi rowar yanka, ni santimita 3 aka bari kewaye. Ka tambayi maganin ƙaiƙayi da na ciki kafin ranar tiyata.

Masu cewa ai kare ne kuwa, ba su taɓa kwana a jeji da tumaki 200 na wani ba. Kafilina rabi ya biya, sauran daga albashina. An ambata mini Palladia, maganin irin wannan ciwon, kuɗin ya fi ƙarfina. Har yanzu tana ɗingishi kaɗan. Yaya launin kashin karen naka yake kwanan nan?