Ɗan ƙaramin kan jirgin nan ya ake yi yake jan wannan lodi?

Tambaya: Salam malam, na ga wani bidiyo a YouTube, wani ɗan kan jirgi da bai fi akori-kura girma ba yana tura taragu a harabar wani kamfani a Ingila, wai ya haura shekara 60. Ina ya samu wannan ƙarfi, kuma me ya hana su sayi sabo?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Wannan da ka gani kan shantin ne, shi ba ya tafiyar gari zuwa gari, aikinsa kawai ya jera taragu, ya kai wannan bakin sito ya dawo da wancan, cikin masana'anta ko tashar jirgin ruwa ko wajen haƙar ma'adinai.

Maganar ƙarfi kuwa ba a girman inji take ba. Tayar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da turjiya irin ta roba a kan kwalta, shi ya sa da zarar tarago ya motsa to ya motsa. Sannan giyarsa duk ta jan kaya ce, kamar ka saka tifa a giya ɗaya ka hana ta canzawa. Ɗauki kan shantin samfurin 48DS na kamfanin Ruston & Hornsby da ke Lincoln a Ingila, ƙarfin doki 48 kacal gare shi, ƙaramar motar gida ta yanzu ma ta fi shi, kuma sarƙa ce ke juya tayoyinsa kamar babur, amma nauyinsa ya kai tan 7 da wani abu kuma nauyin nan shi ke danne taya ta kama dogo, in an yi ruwa dogo ya yi santsi sai direba ya saki yashi a gaban tayar. Babban yayansu Class 08 na hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, da aka ƙera guda 996 daga 1952 zuwa 1962, doki 350 gare shi amma ba ya wuce kilomita 32 a awa, mai keke in ya dage zai iya binsa.

Na Amurka ma da labarinsa. A 1937 aka yi yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata cewa duk kan jirgin da ya kai tan 45 dole a sa masa fayaman kusa da direba, ko da dizal ne babu kwal ɗin da zai zuba. Sai General Electric suka fito da mai tan 44 a 1940, tan ɗaya ƙasa da doka, mutum ɗaya ya ishe shi. Wayo kenan!

Batun sabo, to me za a yi da shi? Abin da zai yi aikin awa biyu a rana a kan layin da bai kai kilomita ɗaya ba, babu kwamfuta a ciki, bakaniken da ya iya tarakta zai iya kwance shi ya ɗaura. Ciwon kan kawai kayan gyara ne, don Ruston sun daina ƙera kan jirgi tun 1969, wani lokaci sai an sayi matacce an ciri kayansa ko a kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya sassaƙa sabo.

Waɗanda kamfanoni suka sallama kuma, in sun tsira daga 'yan gwangwan, 'yan sa-kai ne ke saye su yi musu garambawul, irin na layin Middleton da ke Leeds wanda suke riƙe da shi tun 1960. Ni dai ina ganin waɗannan ƙananan sun fi manyan masu tururi amfani a wajensu, duk da masu yawon buɗe ido na tururin suke zuwa ɗauka hoto. Na tururi sai an yi awanni ana hura wuta kafin ya motsa, shi kuwa wannan ka duba mai da ruwa ka tayar, shi ne ma zai jawo na tururin daga shago da safe.