Giram 250 na niƙaƙƙiyar gujiya, cokali nawa ke nan?

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. An ba ni takardar haɗin biskit na gujiya, an rubuta giram 250 na niƙaƙƙiyar gujiya, ni kuma ba ni da sikeli. Ranar suna zan yi shi. Ya zan auna? Daga ƙanwarki a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raya. Babban cokali na awo, mai mililita 15, yana ɗaukar kusan giram 16 na niƙaƙƙiyar gujiya idan an shafe bakinsa. Giram 250 ke nan cokali 16, ki ɗan rage na ƙarshe. In kina da kofi mai mililita 240, cika shi sau ɗaya ya ishe ki.

Amma ki kula da shafewar nan, don nan ake faɗuwa. Gujiya ba ruwa ba ce, tana yin tozo a kan cokali, mai tozo kuwa ya kusa ninka shafaffe. Ki bi bakin da bayan wuƙa. Ni sai na goga ɗan mai a cokalin tukuna, ta sulluɓe ba sai na sa yatsa ba.

Kafin ki ɗiba, ki juya gujiyar a cikin robarta har ƙasa. Wadda aka niƙo a inji ta kwana biyu, mai yana tasowa sama, ƙasa ya daskare. A kofi kuma ki danna ta sosai, kada iska ta ɓoye a ciki.

Da miya ce da ban dame ki da lissafi ba, harshe ya isa. Biskit ne ba ya yafiya, in ta yi yawa sai ya farfashe a hannu.